Kafin Kulob Ɗinku Ya Buɗe Shafin Intanet: Wace Manhaja Za Ta Riƙe Shi?

Shekarun baya an gayyace ni wata makarantar sakandare ta kwana in yi wa 'yan kulob ɗin 'yan jarida magana. Da muka tashi, sai shugabar kulob ɗin, wata 'yar aji shida, ta roƙi in leƙa ɗakin kwamfuta in ga abin da suka yi. Ashe shafin intanet suka buɗe. Kuma lallai ya yi kyau: ga bajon makaranta a sama, ga labarin gasar kacici-kacici, ga hotunan wasannin da aka yi tsakanin gidajen kwana, ga wata doguwar hira da baba mai gadi, wanda ya daɗe a bakin ƙofar makarantar har ya ga 'ya'yan ɗaliban da ya sani sun dawo karatu. Na tambaye ta wa ya gina shafin. Ta ce wani malaminsu ne ɗan hidimar ƙasa. Na ce, to wa yake sa labaran? Ta ce shi ne. Su nasu dai su rubuta a takarda su kai masa.

Bayan kamar shekara guda na nemi shafin ina son in sake karanta hirar nan. Babu shi. Da na bincika sai na ji yadda aka yi. Malamin ya gama shekararsa ta hidima ya koma garinsu. Babu wanda ya san yadda ake ƙara labari, domin da hannu ya rubuta kowane shafi. Adireshin shafin kuma da imel ɗinsa aka yi masa rajista, saboda haka da lokacin sabunta biya ya zo, shi kaɗai saƙon tunatarwa ya je wa. Wa'adi ya cika, aka rufe. Takardun da aka rubuta hirar baba mai gadi kuwa tuni an share su da shara, tunda kowa yana ganin ai tana intanet.

Ban ga laifin malamin ba, ya yi abin da ya iya da zuciya ɗaya. Kuskuren ya faru tun ranar farko, lokacin da aka tambayi wa ya iya gina shafi, aka manta a tambayi yadda mutum ashirin za su riƙa aiki a kansa bayan maginin ya tafi. A makaranta kuwa kowa mai tafiya ne. Kowace shekara 'yan aji shida suna rubuta WAEC da NECO su kama gabansu, ana yi wa malamai canjin wurin aiki, 'yan hidimar ƙasa suna zuwa suna komawa.

Abubuwa uku da ake rikitawa

Idan an ce shafin intanet, abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko adireshi, wato sunan da mutum zai rubuta ya iso gare ku. Ba a sayen sa har abada, haya ce ta shekara-shekara. Adireshin da ya ƙare da .ng na Najeriya ne, kuma ƙungiyar NiRA ce take kula da shi, akwai ma.sch.ng da aka ware wa makarantu. Na Jamhuriyar Nijar da .ne yake ƙarewa. Na biyu masauki: wata kwamfuta ce da ke kunne dare da rana a wani wuri, ana biyan kuɗi domin ta ajiye muku rubutunku da hotunanku. Na uku shi ne manhajar da za ta zauna a cikin masaukin ta riƙa karɓar rubutu, tana jera shi, tana nuna wa masu karatu. Masana kwamfuta suna taƙaita sunanta da haruffa uku, CMS. Mu za mu ce mata manhajar kula da shafi, kuma ita ce abin da za mu tattauna yau.

A farkon zamanin shafukan intanet, tun daga na farko da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya a 1991, da hannu ake rubuta kowane shafi cikin yaren HTML. Idan kana da labarai ɗari kana son canza lambar wayar da ke ƙasan kowanne, sai ka buɗe fayil ɗari. Manhajar kula da shafi ta raba aikin gida biyu. Rubutu yana zaune a rumbun bayanai, kwalliyar shafi kuma, wato launi da tsarin kanu da wurin hoto, tana zaune daban. Duk lokacin da mai karatu ya buɗe labari, manhajar za ta ɗauko rubutun ta sa masa rigarsa ta miƙa. Shi ya sa ɗan aji huɗu da bai san HTML ba zai iya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ya rubuta labari kamar yadda yake rubuta saƙo a waya. Shi ya sa kuma za ku iya canza kamannin shafin gaba ɗaya ba tare da kun taɓa ko labari ɗaya ba.

Na san wani zai ce, me ya yi zafi, ga WhatsApp ga Facebook kyauta? Suna da amfaninsu wajen yaɗa labari. Amma ku gwada neman sanarwar da aka tura a zauren WhatsApp zango biyu da suka wuce. Sannan gidan ba naku ba ne. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu kyauta. Shafinku ma zai iya ɗaukewa, amma idan kuna da kwafinsa a hannu za ku kwashe ku kafa a wani masaukin. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Jarida kuke so ko allon kowa da kowa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ku zauna a kanta kafin a ambaci sunan kowace manhaja. Aikin haɗin gwiwa iri biyu ne. Akwai irin na jarida: kowane labari yana da mai shi, yana da ranarsa, edita ya duba kafin ya fita, idan ya fita kuma ya zauna a haka. Akwai kuma irin na allon da kowa yake da alli a hannu: shafi ɗaya, mutum goma suna ta gyara shi suna ƙara masa, ba a taɓa cewa an gama.

Tarihin Wikipedia ya nuna bambancin nan ƙarara. A shekarar 2000 Jimmy Wales da Larry Sanger sun fara wani kundin ilimi a intanet mai suna Nupedia. Masana ne suke rubutawa, kuma kowace maƙala sai ta bi matakai bakwai na tantancewa kafin a wallafa ta. Har aka rufe shi a 2003, maƙalolin da suka kammala ba su kai 30 ba. A ranar 15 ga Janairu 2001 sai suka buɗe wani shafin na gefe, suka ɗora shi a kan irin manhajar da ake kira wiki, wadda Ward Cunningham ya ƙirƙiro a 1995. Kalmar daga harshen mutanen Hawai take, ma'anarta sauri, kuma a jikin motar da ke jigilar fasinjoji a filin jirgin saman Honolulu ya tsince ta. A wiki kowa yana iya danna maɓallin gyara. Cikin shekara ɗaya shafin gefen nan ya tara maƙaloli kusan 20,000. Mutanen da suka kafa su ɗaya ne, burin ma ɗaya ne, ƙa'idar wallafawa da manhajar ne suka bambanta.

Manhajar da Wikipedia take kai yanzu sunanta MediaWiki. Wani ɗalibin jami'a Bajamushe, Magnus Manske, ya rubuta tushenta, aka fara amfani da shi a 2002, Lee Daniel Crocker ya sake gina ta, aka raɗa mata wannan suna a 2003. Kyauta ce, kowa zai iya ɗaukarta ya kafa nasa wiki. Idan kuna son ganin yadda take aiki ba sai kun kashe ko sisi ba. Ku buɗe Wikipedia ta Hausa, wadda 'yan sa kai suka cika da dubun-dubatar maƙaloli, ku zaɓi maƙalar garinku, ku shiga tarihin shafin. Za ku ga jerin duk gyaran da aka taɓa yi, da wanda ya yi, da rana da lokaci, da abin da ya cire da abin da ya ƙara. Idan wani ya yi ɓarna, cikin ɗan lokaci ake mayar da shafin yadda yake. A nan ƙarfin wiki yake: ba ta hana mutum kuskure, amma ba ta mantuwa.

Irin wannan ta dace da ku idan abin da kuke tarawa ilimi ne mai ƙaruwa sannu a hankali. Misali tarihin unguwannin garinku da asalin sunayensu, ko karin magana da ma'anoninsu, ko sunayen itatuwa da tsirrai na yankinku da Hausa da Turanci, ko bayanan darasin Kimiyyar Sinadarai da kowane aji zai gyara ya bar wa na baya. Sai dai ku san abu biyu. Idan aka kafa MediaWiki ba a taɓa saitinta ba, duk wanda ya shigo daga ko'ina a duniya zai iya gyara shafi ko da bai yi rajista ba, kuma masu cusa tallace-tallacen banza suna da manhajojin da ke yawo suna neman irin wannan ƙofa a buɗe. Dole wanda ya kafa ta ya rufe, ya zama sai wanda kuka ba izini. Na biyu, abin da ɗalibi ya rubuta yana bayyana nan take, ba ya jiran edita. Idan wani ya ji haushin malamin Lissafi ya shiga da dare ya rubuta son ransa, za a goge da safe, amma wataƙila an riga an ɗauki hoton allon an yaɗa. Ga ƙaramin rukuni akwai wata wiki mai sauƙi, DokuWiki, wadda Andreas Gohr ya fitar a 2004. Ba ta buƙatar rumbun bayanai, a fayilolin rubutu take ajiye komai, kuma tana zuwa da tsarin ƙayyade wanda zai karanta da wanda zai gyara kowane sashe.

Matakai biyar na WordPress

Yawancin kulob-kulob na makaranta jarida suke so, ko da ba su faɗa ba. A nan WordPress ta yi fice. Matt Mullenweg, yana ɗan shekara 19, shi da wani ɗan Ingila Mike Little suka fitar da ita a watan Mayun 2003, suka gina ta a kan wata tsohuwar manhaja mai suna b2 da mai ita ya daina kula da ita. A ƙididdigar W3Techs, sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta suke. Wannan yawan ba abin ado ba ne kawai. Yana nufin idan kun maƙale, akwai yiwuwar samun wanda ya iya ta a shagon kwamfuta na garinku, kuma duk matsalar da za ku ci karo da ita wani ya riga ya ci karo da ita ya bayyana maganinta.

Amma abin da ya sa nake ambatonta ga kulob shi ne yadda ta raba masu amfani zuwa matakai biyar. A ƙasa akwai mai rajista, wanda karatu kawai yake yi. Sama da shi akwai mai ba da gudummawa, wanda a allon za ku ga an rubuta Contributor: zai rubuta labari ya tura, amma ba zai iya wallafawa ba, labarin zai tsaya a layin jira. Sai marubuci, wanda zai wallafa nasa amma ba zai taɓa na wani ba. Sai edita, mai ikon gyara da wallafa da goge rubutun kowa. A can sama akwai mai gudanarwa, wanda komai yake hannunsa: shi yake ƙara mutane, shi yake cire su, shi yake canza kwalliya, kuma shi ne zai iya rushe shafin da kuskure ɗaya.

Ku ɗora wannan a kan kulob ɗinku ku gani. Duk 'yan rahoto, daga aji ɗaya har aji shida, masu ba da gudummawa ne. Ɗalibai biyu ko uku da aka yarda da hankalinsu da ƙa'idar rubutunsu su zama editoci. Malamin da ke kula da kulob da wani mutum ɗaya su zama masu gudanarwa. Matakin marubuci kuwa, a shawarata ku bar shi babu kowa, domin shi ne ƙofar da labari zai fita ba tare da ido na biyu ya gan shi ba. Kada kuma a raba muƙaman nan don girmamawa. Kasancewar mutum shugaban ɗalibai ba dalili ba ne na ba shi makullin mai gudanarwa.

Akwai wani ɗan cikas da za ku tarar a makon farko: mai ba da gudummawa ba ya iya ɗora hoto. Wasu suna jin haushin haka sai su ɗaga kowa zuwa marubuci, shi ke nan sun rushe katangar da suka gina. Ku bar shi haka. Ɗan rahoto ya tura wa edita hoton, edita ya duba ya ɗora. Za ku ga amfanin wannan idan mun zo maganar hotunan ɗalibai. WordPress ma tana ajiye tsofaffin kwafin kowane labari, don haka idan edita ya yi wa rubutunka aski har ya yanke kunne, ana iya dawo da na asali.

Sai a kula, WordPress biyu ce. Akwai manhajar kanta, wadda ake saukewa kyauta daga WordPress.org a ɗora a masaukin da kuka kama haya. Akwai kuma WordPress.com, na kamfanin Automattic, inda su ne suke ba ku masauki. A tsarinsu na kyauta adireshinku zai ƙare da sunansu, za su sa tallarsu a shafinku, kuma ba za ku iya ƙara 'yan manhajojin ƙari ba. A madadin haka su ne suke ɗauke da nauyin sabuntawa da tsaro. Ga kulob ɗin da ba shi da kuɗi kuma ba shi da masanin kwamfuta na dindindin, wannan ciniki ne mai kyau. Idan kun yi ƙarfi daga baya, akwai maɓallin fitar da duk rubutunku a fayil ɗaya ku kai sabon masauki.

Idan kuwa kun kama masaukin kanku, jarabar da za ta same ku ita ce 'yan manhajojin ƙari. Sun haura 50,000 a rumbun WordPress, kowace tana alƙawarin wani abin burgewa. Kowace ɗaya da kuka ɗora taga ce kuka ƙara wa ɗaki, kuma yawancin kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta irin waɗannan tagogi ake shiga, musamman waɗanda aka bari ba a sabunta ba. Ku tsaya a kan 'yan kaɗan da kuke buƙata da gaske. Mafi haɗari ita ce kwalliyar kuɗi da wani zai tura muku a waya ya ce ya samo ta kyauta. Sau da yawa an cusa mata abin da zai buɗe wa ɓarawo ƙofar baya.

Sauran 'yan takara

Blogger, wadda Google ya saya a 2003, kyauta ce kuma tana da sauƙi ƙwarai, amma matakanta biyu ne kacal, mai gudanarwa da marubuci, kuma marubuci yana wallafawa kai tsaye. Ta dace da mutum ɗaya ko abokai uku da suka yarda da juna. Moodle kuma ta darussa da jarrabawa ce, wannan aikin hukumar makaranta ne.

Joomla ta fito a 2005 bayan masu gina wata manhaja mai suna Mambo sun ɓalle sun kafa tasu. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Daga kalmar Swahili jumla aka ɗauko shi, wato gaba ɗaya, ita kuma daga Larabci, tushe ɗaya da jimla da muke cewa idan mun gama lissafi. Tana da tsarin izini mai zurfi, kuma tana iya riƙe shafi mai harsuna da yawa ba tare da an ƙara mata komai ba, abin da zai yi amfani idan kuna son kowane labari ya fito da Hausa da Turanci, ko da Hausa da Faransanci. Sai dai allon gudanarwarta yana ɗaukar lokaci kafin sabon shiga ya saba.

Drupal kuwa a ɗakin kwanan ɗalibai aka haife ta. A shekarar 2000 Dries Buytaert, ɗalibi a Jami'ar Antwerp da ke Beljiyam, ya haɗa wani ɗan allon sanarwa domin shi da abokansa su riƙa barin wa juna saƙo. Da zai yi masa rajistar adireshi ya so ya rubuta dorp, wato ƙauye a harshen Holanci, sai yatsa ya kuskure ya rubuta drop, ya ga sunan ya yi masa ya bar shi. Ya saki manhajar ga duniya ranar 15 ga Janairu 2001, ranar da aka buɗe Wikipedia. A cikin duk waɗanda muka ambata babu wadda ta kai ta iya gina abu mai sarƙaƙiya. Idan kuna son rumbun tsofaffin ɗalibai da za a iya tacewa bisa shekara da gida da sana'a, ita ce gwanar wannan. Shafin Fadar White House ta Amurka ya koma kanta a 2009, kafin ya koma WordPress a 2017.

Amma Drupal doki ce mai son mahayi. A Oktoba 2014 an gano wata babbar kafa a Drupal 7, aka fitar da gyara. Bayan mako biyu masu kula da tsaronta suka sanar cewa duk shafin da bai sa gyaran ba cikin awa bakwai da fitowarsa, a ɗauka an riga an shige shi. Awa bakwai. Ku tambayi kanku, idan irin wannan sanarwa ta fito ana tsakiyar dogon hutu, wa zai gan ta a kulob ɗinku? Ita Drupal 7 ɗin ma an daina yi mata gyaran tsaro tun Janairu 2025, don haka idan wani ya zo da tayin gina muku shafi a kanta saboda ita ya saba da ita, ku yi masa godiya ku ce a'a.

Gwajin yamma ɗaya

Kada ku zaɓa da jin labari, har da nawa. Ku ware yammacin wata Asabar, ku kafa biyu daga cikinsu na gwaji, ku kira ɗalibai biyar da ba 'yan ɗakin kwamfuta ba, har da 'yan aji ɗaya. Ku ba kowa aiki ɗaya: ya shiga da waya, ya rubuta sakin layi uku, ya tura wa edita. Kada wanda ya iya ya taimaka, ya zauna ya yi kallo kawai. Inda suka tsaya suna dube-dube, nan ne za su riƙa tsayawa har ƙarshen shekara. Na ce da waya domin da ita yawancinku za ku yi aikin a gida lokacin hutu, da ita kuma iyayenku za su karanta.

A cikin rubutun gwajin ku tabbatar akwai haruffa masu ƙugiya: ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana, da ƴ ga masu rubutu irin na Nijar. Duk manhajojin nan suna iya ajiye su, domin suna amfani da tsarin Unicode. Inda ake samun matsala shi ne salon haruffan da kwalliyar shafin ta zo da shi. Da yawa an zana su ne don harsunan Turai, babu ƙ a ciki, sai ku ga ɗan akwati a wurinta, ko ta fito da wani fasali daban kamar baƙuwa a tsakiyar kalma. Ku duba kanun labari musamman, don sau da yawa salonsa daban ne da na cikin labari. Idan ya gaza, ku canza zuwa salon da ya ƙunshi haruffanmu, irin su Noto na Google ko Andika da Charis na SIL. Kada ku yarda a ce a bar ƙugiyar kawai don sauƙi. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya rubuta an kare wasa ba abin da ya yi niyya ya faɗa ba. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kowane ɗan kulob ya sa a wayarsa. Ku gwada akwatin bincike ma: ku nemi kalma da ƙugiya, ku sake nemanta babu ƙugiya, ku ga abin da zai fito, don yawancin masu karatu ba za su sa ba.

Abu na ƙarshe a gwajin shi ne nauyi. Hoto ɗaya daga wayar zamani yakan kai megabait 3 ko 4. Labarin ranar rabon kyaututtuka mai hoto goma zai iya cinye wa mahaifiyar wani datar da ta saya don kwana biyu, idan ma ya buɗe. A rage girman hoto kafin a ɗora, a guji kwalliya mai hotuna masu yawo da bidiyo mai kunna kansa. Ku je inda sabis ya fi rauni a makarantar ku buɗe shafin a can.

Makulli a hannun wa?

Mu koma kan abin da ya kashe shafin da na ba ku labari. Kafin a yi rajistar komai, a buɗe imel da sunan kulob, kuma da shi za a yi rajistar adireshi da masauki da asusun mai gudanarwa. Lambar wayar da za a haɗa da imel ɗin ta zama ta malami na dindindin. A rubuta kalmomin sirri a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye a ofishin shugaban makaranta. Kowane ɗan kulob ya sami asusunsa na kansa. Idan mutum ashirin suna shiga da kalmar sirri ɗaya, ranar da aka wallafa abin da bai dace ba kowa zai rantse ba shi ba ne, kuma manhajar ba za ta iya nuna muku mai laifin ba.

Ranar da hayar adireshi da ta masauki za su ƙare a rubuta ta a kalandar makaranta kusa da ranar jarrabawa, a kuma san tun yanzu daga wane aljihu kuɗin zai fito, na ƙungiyar iyaye da malamai ko na tsofaffin ɗalibai. Kuɗin ginawa sau ɗaya ake biya, na haya kuwa duk shekara ne, kuma shi ne ake mantawa. A ƙarshen kowane wata edita ya sauke kwafin shafin, ya ajiye ɗaya a filashi, ɗaya a wani wurin daban. Sau ɗaya a zango a gwada dawo da shafin daga kwafin, don a tabbatar ba fanko ake ta ajiyewa ba.

Maganar hotuna ba ta ladabi ba ce kawai, akwai doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da amincewar iyaye ko mai riƙo za a yi amfani da bayanan yaro, kuma yawancinku ba ku kai 18 ba. Hoton ɗaliba da cikakken sunanta da ajinta da sunan makarantarta bayanai ne da za su kai baƙo har inda take. Ku roƙi hukumar makaranta ta tsara takardar neman izini, ku kuma amince a tsakaninku cewa ba a sa lambar waya ko unguwar kowa, ba a wallafa sakamakon jarrabawar wani da sunansa sai ya yarda shi da iyayensa.

Idan kun tambaye ni zaɓina, ga kulob ɗin da labarai yake bugawa zan ce WordPress, a fara da ta kyauta, a yi zango biyu a ga ko rubutun zai ɗore kafin a kashe kuɗi. Ga masu tara tarihin gari ko karin magana zan ce wiki, amma a fara da koyon gyara a Wikipedia ta Hausa, don wataƙila ku tarar abin da kuke son tarawa can ya fi dacewa ya zauna, matuƙar kuna da littattafai ko jaridun da za ku kafa hujja da su. Joomla da Drupal sai idan akwai wani babba a ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da aikinsa ke nan, kuma ya yi alƙawarin zama da ku shekaru.

Miƙa ragama kuwa kada ta jira bikin yaye ɗalibai. Tun zango na biyu, kafin 'yan aji shida su nutse cikin shirin jarrabawa, a ɗaga 'yan aji biyar biyu zuwa editoci, su wallafa labarai uku tsofaffin suna kallo. Ranar da 'yan aji shida suka fita, malami ya sauke asusunsu zuwa matakin mai rajista, kada ya goge su, domin sunayensu su ci gaba da zama a kan labaran da suka rubuta.